Sterling Hendricks

Sterling Brown Hendricks (an haife shi a ranar 13 ga watan Afrilu, 1902, ya mutu a ranar 4 ga watan Janairu, 1981) masanin kimiyyar sinadarai ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya shafe fiye da shekara 40 yana aiki a Ma'aikatar Noma ta ƙasar. An fi saninsa da rawar da ya taka wajen gano faitokurom, wato furotin ɗin da tsirrai ke amfani da shi su gane irin hasken da ke sauka a kansu, su auna tsawon dare, su kuma san ko wani tsiro ya yi musu inuwa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Hendricks a Elysian Fields da ke jihar Texas. Ya samu digirinsa na farko a Jami'ar Arkansas a shekarar 1922, sannan na biyu a Kwalejin Jihar Kansas a 1924. Ya kammala digirin digirgir a Cibiyar Fasaha ta California a 1926. A can ya yi aiki tare da Linus Pauling, ya kuma ƙware wajen amfani da hasken eksire don gano yadda ƙwayoyin zarra suke jere a cikin ma'adinai. Bayan ɗan zaman da ya yi a Cibiyar Carnegie da Cibiyar Rockefeller, ya kama aiki da Ma'aikatar Noma a 1928.

Binciken yumɓu

Aikinsa na farko da ya yi fice ya shafi ƙasar noma. A lokacin masana da yawa na ɗaukar cewa yumɓun da ke cikin ƙasa ba shi da wani tsayayyen tsari. A 1930 Hendricks da W. H. Fry suka nuna cewa ƙananan ɓarɓashin yumɓu suna da tsari na rukuni-rukuni a jere, kamar sauran ma'adinai. Wannan ya taimaka wajen fahimtar yadda ƙasa ke riƙe ruwa da sinadaran da shuka ke ci. A 1942 ya wallafa wani bincike tare da Edward Teller a kan irin waɗannan ma'adinai masu rukuni.

Gano faitokurom

Tun a 1920 Wightman Garner da Harry Allard na wannan ma'aikata suka gano cewa tsawon yini ne ke sanya wasu tsirrai, irin su taba da waken suya, fitar da fure. A 1938 Karl Hamner da James Bonner suka nuna cewa tsawon dare ne abin da tsiron ke aunawa, domin ɗan haske kaɗan a tsakar dare ya isa ya hana furen fitowa. Abin da ya rage shi ne sanin mene ne ke karɓar hasken a jikin ganye.

A cikin shekarun 1940 Hendricks ya haɗu da masana tsirrai Harry Borthwick da Marion Parker a cibiyar bincike ta Beltsville da ke jihar Maryland. Sun ƙera wata babbar na'ura mai rarraba farin haske zuwa launukan bakan gizo, mai faɗin da za a iya jera tsirrai a ƙarƙashin kowane launi. Da ita suka gano cewa jan haske, mai tsawon zango kimanin nanomita 660, ya fi kowane launi tasiri wajen hana waken suya fure. Haka kuma wannan jan hasken ne ke sa sha'ir, mai son dogon yini, ya yi fure.

A 1952, tare da Eben Toole da Vivian Toole, suka gwada irin latas. Jan haske ya sa irin ya tsiro, amma da aka bi shi da ja mai nisa, wato hasken da ke ƙarshen abin da idon mutum ke iya gani, kimanin nanomita 730, sai tsirowar ta tsaya. Ko sau nawa aka sauya hasken biyu, na ƙarshe shi ne ke yanke hukunci. Daga nan Hendricks ya yi hasashen cewa launi ɗaya ne mai siffa biyu, kuma haske ne ke juya shi daga wannan siffa zuwa waccan.

Shekara bakwai aka yi ba wanda ya ga wannan sinadari, har wasu masana suka riƙa shakkar samuwarsa, domin adadinsa a jikin tsiro kaɗan ne ƙwarai, kuma koren launin ganye yana rufe shi. A 1959 Warren Butler, Karl Norris, Harold Siegelman da Hendricks suka auna shi kai tsaye a cikin tsiron masarar da aka raina a duhu, wadda ba ta yi kore ba. Daga bisani aka raɗa masa suna faitokurom, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin tsiro da launi.

Tasirin aikinsa

Ana kiran siffofin biyu Pr da Pfr. Jan haske yana mayar da Pr zuwa Pfr, wadda ita ce mai aiki, ja mai nisa kuma yana mayar da ita Pr. Wannan ne ya buɗe hanyar fahimtar yadda tsiro ke gane inuwa. Koren ganye yana shanye jan haske, amma yana barin ja mai nisa ya ratsa shi. A fili jan hasken rana ya ɗan ɗara ja mai nisa yawa, a ƙarƙashin ganye kuwa ja mai nisa ne ke rinjaye, don haka Pfr ke raguwa. A shekarun 1970 Harry Smith da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa wannan raguwa ce ke sa kara ya yi saurin miƙewa don neman rana.

Bayan mutuwar Hendricks aka gano yadda abin ke kaiwa ga ƙwayoyin gado. A 1998 ɗakin binciken Peter Quail ya gano furotin PIF3, ɗaya daga cikin wani rukuni da ke kunna ƙwayoyin gado. Idan akwai rana, Pfr na shiga cibiyar ƙwayar halitta ta hana waɗannan furotin aiki, wasu ma a rushe su. Idan inuwa ta zo Pfr ta ragu, sai su samu sarari su kunna ƙwayoyin gadon da ke ƙera sinadarin oksin, wanda ke tsawaita kara. Tsiron yakan yi tsawo da siranta, ya rage rassa, ya gaggauta fure. Shi ya sa shukar da aka cunkusa a gona ke zuba ƙarfinta a kara maimakon tsaba. Dawa ma tana cikin tsirran da ke auna tsawon dare, kuma nau'o'in gargajiya na Afirka ta Yamma sukan jira dare ya ƙara tsawo a ƙarshen damina kafin su fid da kai.

Hawan dutse

Hendricks gwanin hawan duwatsu ne. A 1942 yana cikin ayarin da ya kai ƙololuwar dutsen McKinley, wanda ake kira Denali, a Alaska, lokacin gwajin kayan sanyi na sojojin Amurka.

Karramawa da mutuwa

An zaɓe shi mamba a Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka a 1952, kuma a shekarar ya karɓi lambar Arthur L. Day. A 1958 ya samu lambar yabo ta shugaban ƙasa ta fitattun ma'aikatan gwamnati, sannan Lambar Kimiyya ta Ƙasa ta 1975. An sanya wa wani ma'adini suna hendricksite don girmama shi. Ya yi ritaya a 1970, ya kuma mutu a Novato da ke jihar California yana da shekara 78. Tun daga 1981 sashen bincike na Ma'aikatar Noma ke ɗaukar nauyin wata lacca da aka sanya wa sunansa.