Emma Albani: Muryar da Ta Tashi Daga Majami'a

Ranar 22 ga Nuwamba Eklesiya takan tuna da Tsarkakkiya Sisiliya, majiɓinciyar mawaƙa. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa ƙungiyoyin mawaƙanmu na Anka, Gummi da Bukkuyum tarihin wata takwararta, wadda ta yi waƙa a gaban bagadi kamar su.

An haifi Marie-Louise-Emma-Cécile Lajeunesse a Chambly ta ƙasar Kanada a shekarar 1847. Mahaifinta malamin kiɗa ne, mahaifiyarta kuwa ta rasu a 1856. Sistocin Zuciya Mai Tsarki ne suka karɓe ta a makarantarsu kusa da Montreal, inda ta samu tarbiyya da horon waƙa. A 1865 iyalin suka ƙaura zuwa Albany ta Amurka. Can ta zama mai rera waƙa a Majami'ar Tsarkakke Yusufu, daga baya aka danƙa mata kaɗa ogan da shugabancin mawaƙa.

Talauci ne ya so ya datse mata hanya. Amma Bishop Conroy da jama'ar garin suka taimaka aka tara mata kuɗi, ta tafi Faris a 1868, sa'an nan Milan, domin ƙarin ilimi. Muryarta sofrano ce, wato mafi tashi sama cikin muryoyin mata. A 1870 ta yi fice a Messina ta Italiya cikin opera, irin wasan kwaikwayon da ake rera dukan zancensa da waƙa, ta kuma ɗauki sunan Albani. Daga 1872 zuwa 1896 ta yi tashe a babban gidan opera na Covent Garden a Landan. Ba ta yar da waƙoƙin ibada ba, har ita aka kira ta yi waƙa a jana'izar Sarauniya Biktoriya a 1901.

Duk da haka, duniya rawar 'yan mata ce. Bayan ta yi ban kwana da dandali a 1911, dukiyarta ta salwanta, ta koma koyar da ɗalibai domin ta ci abinci. Sai a 1925 abokan sana'a da mutanen ƙasarta suka yi mata karo-karo. Ta rasu a Landan ranar 3 ga Afrilu, 1930.

Abin lura gare mu shi ne, sau biyu jama'a suka tallafe ta, da ƙuruciya da kuma tsufa. Wataƙila a cikin 'yan matan da ke rera mana waƙa ran Lahadi akwai wadda Ubangiji ya ba irin wannan baiwa, kuɗin makaranta kaɗai ke neman hana ta. Kada mu bari hakan ta faru muna gani. Kada kuma mu manta da tsofaffin mawaƙanmu da muryarsu ta dushe cikin hidimar Allah.