John Snow

John Snow (15 ga Maris, 1813 – 16 ga Yuni, 1858) likita ne ɗan ƙasar Ingila, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka assasa ilimin bin diddigin annoba. Ya shahara ne saboda binciken da ya yi a kan annobar kwalara, wato cutar amai da gudawa, wadda ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan a shekarar 1854. Ta hanyar ƙidaya mamata da bincikar inda suke ɗebo ruwa, ya nuna cewa gurɓataccen ruwan sha ne ke yaɗa cutar, tun kafin likitoci su amince cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa ta.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Snow a birnin York da ke arewacin Ingila. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya tara, mahaifinsa kuma lebura ne a wurin sayar da kwal, daga baya ya koma noma. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon aikin likita wurin William Hardcastle a Newcastle. A 1832 ya yi jinyar masu haƙar kwal da kwalara ta kama a ƙauyen Killingworth, karo na farko ke nan da ya yi arba da cutar. Ya koma Landan a 1836 don ƙaro karatu, ya samu shaidar zama likitan tiyata a 1838, sannan ya karɓi digirin likita daga Jami'ar Landan a 1844.

Aikin sa barci

Kafin binciken kwalara, an fi sanin Snow da ƙwarewa wajen sa majiyyata barci lokacin tiyata. Ya yi nazarin adadin maganin ita da na kulorofom da ya kamata a shaƙa wa mutum ba tare da an cutar da shi ba. Shi ne ya shaƙa wa Sarauniya Victoria kulorofom a lokacin haihuwar Yarima Leopold a 1853, da ta Gimbiya Beatrice a 1857.

Ra'ayinsa game da kwalara

A wancan zamani yawancin likitoci sun ɗauka cewa gurɓatacciyar iska mai wari, wadda ke tashi daga ƙazanta, ita ce ke kawo kwalara. Snow bai gamsu da haka ba. Hujjarsa ita ce, cutar a ciki take farawa, saboda haka ta baki take shiga, kuma bayan gidan mai ɗauke da ita ne ke kai ta cikin ruwan sha. Ya wallafa wannan ra'ayi a wani ɗan littafi a 1849, amma kaɗan ne suka karɓe shi.

Annobar titin Broad

A daren 31 ga Agusta, 1854, kwalara ta ɓarke a kewayen titin Broad da ke Soho. Cikin kwana uku mutum 127 suka mutu, kafin ta lafa kuma adadin ya kai 616. Snow ya karɓo sunayen mamata 83 na farko daga ofishin rajistar mutuwa, ya bi gida-gida yana tambayar inda suke samun ruwa. Ya tarar kusan dukkansu suna zaune ne kusa da famfon tuƙa-tuƙa na titin Broad. Goma ne kawai gidajensu suka fi kusa da wani famfon dabam. Biyar daga cikinsu iyalansu sun ce ruwan titin Broad suka fi so, uku kuma yara ne da makarantarsu ke kusa da famfon.

Ya kuma duba waɗanda cutar ta tsallake. Gidan gajiyayyu na titin Poland yana da mutum 535, amma biyar ne kawai suka mutu, domin gidan yana da tasa rijiyar. A kamfanin giya da ke kan titin Broad ba a rasa ma'aikaci ko ɗaya ba, don ba sa shan ruwan famfon. A ɗaya ɓangaren, wata mata da ke zaune can Hampstead, nesa da Soho, wadda ake kai wa ruwan famfon a kwalba saboda tana son ɗanɗanonsa, ta kamu da cutar ta mutu.

Ranar 7 ga Satumba ya gabatar da hujjojinsa ga hukumar yankin, washegari aka cire hannun famfon. Shi kansa ya yarda cewa annobar ta riga ta fara ja baya a lokacin, saboda mutane da yawa sun gudu daga unguwar. Daga baya ya zana taswirar unguwar, ya sa alama a gidan kowane mamaci, aka ga yadda alamomin suka taru a kewayen famfon. Wani limamin coci mai suna Henry Whitehead, wanda da farko bai yarda da Snow ba, shi ya gano tushen abin: ruwan wankin tsummokaran wata jaririya mai gudawa aka zuba a shaddar gida mai lamba 40, wadda tazararta da rijiyar famfon ba ta kai mita ɗaya ba.

Kwatanta kamfanonin ruwa

A shekarar dai, Snow ya kwatanta gidajen kudancin Landan da ke sayen ruwa daga kamfanoni biyu. Kamfanin Southwark da Vauxhall yana jan ruwa daga kogin Thames a cikin birni, inda magudanan ƙazanta ke zuba, shi kuwa kamfanin Lambeth ya mayar da wurin jan ruwansa can sama da birnin a 1852. A makonni bakwai na farkon annobar, an samu mutuwa 315 cikin kowane gida 10,000 na kamfanin farko, na biyun kuwa 37. Ya buga sakamakon a 1855.

Rasuwarsa da tasirinsa

Hukumar lafiya ta lokacin ba ta karɓi sakamakon binciken ba, har aka mayar da hannun famfon. Snow ya kamu da shanyewar ɓarin jiki ranar 10 ga Yuni, 1858, ya rasu bayan kwana shida yana da shekara 45, bai taɓa aure ba. An binne shi a maƙabartar Brompton.

Sai a annobar 1866 ne William Farr, babban masanin ƙididdiga a ofishin rajista, ya koma kan ra'ayinsa. A 1884 Robert Koch na Jamus ya tabbatar da ƙwayar da ke haddasa kwalara, wadda Filippo Pacini na Italiya ya fara gani tun 1854. Har yanzu masu binciken annoba suna bin matakan da Snow ya bi: ƙidaya waɗanda suka kamu, gano wurarensu, kwatanta su da waɗanda suka tsira, sannan toshe hanyar yaɗuwar cutar. Titin Broad yanzu sunansa Broadwick, inda aka kafa famfo marar hannu don tunawa da shi.