Andrew Carnegie: Ɗan aiken gidan waya da ya koyi karɓar saƙo da kunne

Tun kafin a san Andrew Carnegie da arzikin ƙarfe da gina ɗakunan karatu, ɗan aike ne a wani gidan wayar tangaraho da ke birnin Pittsburgh a Amurka, ana biyansa dala biyu da rabi a mako. An haife shi ranar 25 ga Nuwamba, 1835, a garin Dunfermline na ƙasar Sukotland. Mahaifinsa masaƙi ne, amma zuwan injinan saƙa ya kashe masa kasuwa, har iyalin suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1848. A masaƙa yaron ya fara aiki, yana canza kwarkwaron zare tun safe har dare a kan dala ɗaya da senti ashirin a mako, kafin ya samu shiga gidan waya.

A wancan zamani da ido ake karanta saƙon waya. Na'ura ce ke buga ɗigo da zane, wato alamomin Morse, a kan siririyar takarda. Ma'aikaci ya karanta a fili, magatakarda kuma ya rubuta. Yaran aike su ke share ɗakin da sassafe, don haka Carnegie ya riƙa zama gaban na'urar yana gwaji kafin manya su iso. Wata safiya aka yi ta kira daga Philadelphia da saƙon rasuwa, babu ma'aikaci ko ɗaya a ɗakin. Ya yi ƙarfin hali ya karɓa, ya kai wa masu shi, yana fargabar faɗa. Ba a yi masa ba.

Daga nan ya mai da hankali ga ƙarar da na'urar ke yi lokacin da take buga takardar. Kowane harafi da nasa kiɗan, kuma wanda ya tsaya ƙirga ɗigo ɗaya-ɗaya, kafin ya gama saƙon ya wuce shi. Dole kunne ya kama harafin ɗungurungum, kamar yadda Bahaushe ke jin kirarinsa a bakin kalangu ba tare da ya lissafa bugu ba. Har gobe wannan ce shawarar da masu rediyon sha'awa ke ba sabon shiga, cewa ya ajiye jadawalin alamomi ya saurara, ko da yake su sauti mai kama da fito suke ji, shi kuwa Carnegie ƙas-ƙas ɗin ƙarfe ya saba da shi. Mutane ƙalilan ne a Amurka suka iya wannan a lokacin. Da wani tsohon magatakarda ya ƙi rubuta wa ɗan aike saƙo, sai yaron ya tsayar da takardar, ya ɗauki fensir ya rubuta da kansa daga abin da kunnensa ke ji.

Bayan an ɗaukaka shi zuwa ma'aikacin waya, labaran Turai da ake aiko wa jaridu sun fi komai burge shi. Layin kan yanke, kalmomi su ɓace, shi kuma ya cike gurbin da abin da ya sani na al'amuran duniya. Mai aikin fassarar labarai zai gane daɗin wannan, zai kuma gane haɗarinsa.

A 1853 Thomas Scott, wani babban jami'in kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania, ya ɗauke shi a kan dala 35 a wata. Wata rana haɗari ya tsayar da jirage Scott ba ya nan, Carnegie ya buga umarni da sunan maigidansa, hanya ta buɗe. Da an samu kuskure, da rayuka da aikinsa duk sun tafi. A 1859 aka ba shi kula da shiyyar Pittsburgh baki ɗaya.

Sauran labarin sananne ne: zuba jari, sannan masana'antar ƙarfe da ya sayar a 1901 a kan dala miliyan 480. Sai dai akwai tabo. A 1892 an murƙushe yajin aikin ma'aikatansa a Homestead, aka rasa rayuka, shi kuwa yana hutu a Sukotland. Wanda ya san ɗacin dala ɗaya a mako bai tausaya wa masu neman kare albashinsu ba.

Ya rabar da kimanin dala miliyan 350, ya gina ɗakunan karatu fiye da 2,500. Ya rasu ranar 11 ga Agusta, 1919, a Lenox ta jihar Massachusetts. Gidauniyar da ya kafa a 1911 ce ta ɗauki nauyin kwamitin Ashby, wanda rahotonsa na 1960 ya ba da shawarar kafa jami'a a Arewa, shekara biyu kafin buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.