Robert Lowth, malamin Ibrananci da aka ɗora wa laifin nahawun Ingilishi

Duk ɗalibin da aka taɓa hana shi ƙare jimlar Ingilishi da harafi, ko aka goge masa «who» aka rubuta «whom», ya sha ruwan wata rijiya da aka haƙa tun ƙarni na 18. Sunan da aka fi jingina wa wannan rijiya shi ne Robert Lowth. Masana harshe sun daɗe suna ambatonsa a matsayin uban masu kafa wa harshe doka, wanda ya ɗaure Ingilishi da igiyar Latin. Amma wanda ya buɗe littafin da kansa zai tarar hukuncin nan ya yi tsanani.

An haifi Lowth a garin Winchester na ƙasar Ingila ranar 27 ga Nuwamba 1710. Mahaifinsa, William Lowth, limamin coci ne mai sharhin littattafan annabawa, don haka yaron ya tashi cikin takardu. Ya yi makarantar Winchester, ya wuce New College a jami'ar Oxford, kuma a 1741 aka naɗa shi shehun malamin waƙa a can, yana ɗan shekara talatin. Da Latin ya yi laccocinsa, a kan waƙoƙin Ibrananci na Tsohon Alkawari, aka buga su a 1753. A cikinsu ya nuna cewa ginshiƙin waɗannan waƙoƙi shi ne jeranta ɗango biyu masu amsa wa juna: na biyu ya maimaita ma'anar na farko, ko ya kishiyance ta, ko ya ƙarasa ta. Wanda kunnensa ya saba da karin maganar Hausa ba zai ji wannan tsari baƙo ba. Har yau masu nazarin Zabura da wannan rabe-rabe suke farawa, kuma da an tambayi mutanen zamaninsa abin da za a tuna shi da shi, wannan aiki za su nuna.

Nahawun kuwa daga cikin gida ya fito. Lowth ya auri Mary Jackson a 1752, suka haifi ɗa, Thomas Henry. Da yaron ya kusa shiga makaranta, inda Latin ke jiran sa, uban ya ga ya kamata ya fara sanin ƙashin bayan harshensa kafin ya ɗauki na wasu. Ya rubuta masa ɗan littafi. Mai buga littattafai Robert Dodsley, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauki nauyin ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755, ya hango kasuwa a ciki. A 1762 littafin ya fito da sunan A Short Introduction to English Grammar, ba tare da sunan marubuci ba, yana kuma roƙon masu karatu su aiko da gyara. Lokacin bai zama bishop ba tukuna, ko da yake ana yawan kwatanta shi da rawanin coci yana yanke wa harshe hukunci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda suna da wakilin suna suke sauya kama gwargwadon gurbinsu. Ya lura cewa sunan Ingilishi siffa biyu kaɗai suka rage masa, ta asali da ta mallaka, kamar «king» da «king's». A lokacin mutane da yawa, har da Joseph Addison, sun ɗauka wannan «s» ta mallaka ragowar «his» ce da aka gutsure. Lowth ya rushe zancen da hujja mai sauƙi: in haka ne, me ya kai ta jikin sunan mace? Ya mai da asalinta ga ɗafa-ƙeyar mallaka ta tsohon Ingilishi, kuma a nan gaskiya na tare da shi.

Wakilin suna shi ne ya riƙe siffa uku: ta aikau, ta mallaka da ta karɓau, wato «he», «his», «him». Ƙa'idarsa ita ce duk ƙaramar kalma irin «to», «with», «of», «between», waɗanda almajirin nahawun Larabci zai kira haruffan jarra, siffar karɓau take jawowa. A kan wannan ma'auni «with him» daidai ne, «between you and I» kuwa kuskure. Ɗalibin da ya zo ta Faransanci ya san irin wannan, tun da «avec moi» ake cewa, ba «avec je» ba. Bahaushe ma da ni yake cewa, ba da na ba.

Inda aka fi yi masa ƙage shi ne batun harafin da ake bari a ƙarshe. Ingilishi na iya cewa «the man to whom I spoke», yana kuma iya cewa «the man I spoke to». Daidaitaccen Faransanci hanya ta farko kaɗai ya sani. Hausa takan bar harafin a gurbinsa ta ba shi wakilin suna ya riƙe, kamar a mutumin da na yi magana da shi, wani lokaci kuma ta bar shi tsirara, kamar a mutumin da na gaya wa. John Dryden ne, tun 1672, ya soki Ben Jonson a kan wannan salo, har ya koma ya tsince shi daga nasa rubutun. Lowth bai haramta shi ba. Ya yarda cewa Ingilishi na karkata gare shi ƙwarai, cewa shi ya mamaye hira, kuma ya dace da rubutu na sakin jiki. Abin da ya ƙara shi ne gabatar da harafin ya fi kyau da fayyacewa a magana mai nauyi. Jimlar da ya yi wannan bayani a cikinta ma tana ɗauke da harafin da aka bari a baya, kuma da wuya a ce mutum irinsa bai lura ba. Wannan bambance matakan magana ne, abin da masu nazarin harshe da al'umma suke yi a yau da wasu sunaye.

Ba a ce hannunsa tsarkakakke ne ba. Ya nace cewa bayan «to be» siffar aikau ce ta dace, wato «it is I», alhali bakin mutane ya riga ya zaɓi «it is me». Joseph Priestley, wanda nasa nahawun ya fito a 1761, ya fi shi sauraron abin da ake faɗi. Ya kuma yi wa «you was» kaca-kaca, ga shi kuwa masu ilimi na amfani da ita ga mutum ɗaya, «you were» ga jama'a, wata dabara ta cike giɓin da ɓacewar «thou» ta bari. Daidaitaccen Ingilishi ya rasa wannan bambanci, kuma asara ce. Sa'an nan ga ƙasan shafukansa, inda ya jera abin da ya kira kurakuran Shakespeare, Milton, Swift, Pope, har da fassarar Baibul ta Sarki James. Masu karatu sun fi son wannan sashe, kuma shi ya koya wa na baya cewa nahawu farautar kuskure ne.

Sauran rayuwarsa ta coci ce. A 1765 ya yi zazzafar muhawara da William Warburton wadda ta taso daga littafin Ayuba. A 1766 ya zama bishop na St David's, cikin shekarar aka mai da shi Oxford, a 1777 kuma Landan. Sabuwar fassararsa ta littafin Ishaya ta fito a 1778, shekarar da Thomas Henry, wanda aka rubuta nahawun dominsa, ya rasu yana saurayi. A 1783 aka yi masa tayin kujerar Canterbury, mafi girma a cocin Ingila, ya ƙi saboda rashin lafiya. Ya rasu ranar 3 ga Nuwamba 1787, aka binne shi a Fulham.

Littafin ya ci gaba da tafiya ba shi. William Cobbett ya haddace shi yana ƙaramin soja. A 1795 Lindley Murray, haifaffen Amurka mazaunin kusa da York, ya kwashi da yawa daga cikinsa ya zuba a nahawun da ya shirya wa wata makarantar ƴan mata, kuma ta wannan hanya ra'ayoyin Lowth suka shiga azuzuwa, inda malamai suka riƙa mai da shawara doka. Ingrid Tieken-Boon van Ostade ta jami'ar Leiden, wadda ta bi wasiƙunsa ta fitar da littafi a kansa a 2011, ta nuna cewa shi kansa yakan sassauta harshe idan yana rubuta wa matarsa. Dokar hana saka kalma tsakanin «to» da aikatau, wadda ake yawan liƙa masa, ba ta cikin littafinsa ko kaɗan. A ƙarni na 19 ta bayyana.