Tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Sarkin Gwandu na Farko

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo wajajen shekarar 1766, a cikin zuriyar Fulani Toronkawa waɗanda suka shahara da karatu. Shi ƙane ne ga Mujaddadi Shehu Usmanu, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12. A hannun mahaifinsu Muhammadu Fodiyo ya karanci Alƙur'ani, sa'an nan aka damƙa shi ga yayansa tun yana ɗan yaro. Ya kuma ɗauki karatu a wurin malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibirilu ɗan Umaru, har ya zama gwani a fannin Larabci, fiƙihu da tafsiri.

A wancan zamani Musulunci ya daɗe da shigowa ƙasar Hausa, amma an cakuɗa shi da tsafi da al'adun da suka saɓa wa shari'a, ga kuma haraji mai nauyi da ƙwacen dukiyar talakawa. Malam Abdullahi ya bi Shehu yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, suna kiran jama'a zuwa ga gyaran aƙida da ibada. Da jama'arsu ta yawaita a Degel, sai sarakunan Gobir suka tsorata. Sarki Nafata ya hana maza ɗaura rawani, mata kuma lulluɓi. A zamanin ɗansa Yunfa al'amari ya ƙara tsananta, har Shehu da jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu a shekarar 1804. A can aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, Malam Abdullahi kuwa shi ya fara miƙa hannu, ya zama wazirinsa.

Shi ne ya jagoranci rundunar da ta karya Gobirawa a Tafkin Kwatto cikin wannan shekara, yana kuma cikin shugabannin da suka ci Birnin Kabi a 1805. Sai dai nasarar ba ta rufe masa ido ba. Ya lura cewa da yawa daga cikin mayaƙa sun karkata ga ganima da neman sarauta, musamman bayan malamai da mahaddata masu yawa sun yi shahada a Tsuntsuwa da Alwasa. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya bar rundunar wajajen 1807 ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Da ya isa Kano, mutanen birnin suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Nan ya yi musu tafsiri, ya rubuta littafin Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo gida.

Ko da Shehu kansa sun sami bambancin fahimta a kan wasu mas'aloli, kamar amfani da laƙabin sarauta, kaɗe-kaɗe da sanya tufafin ƙawa ga shugabanni. Malam Abdullahi ya tsananta saboda gudun kada a koma gidan jiya, Shehu kuwa ya sassauta a inda malamai suka yi saɓani. Kowannensu ya rubuta hujjojinsa a littafi, ba tare da zumunci ya yanke ba.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya raba kula da ƙasa a 1812: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Malam Abdullahi. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa Bello Sarkin Musulmi ba tare da Malam Abdullahi yana wurin ba. Wannan ya jawo sanyin dangantaka, ya koma Gwandu da zama. Masu tawaye suka sami ƙofa, mutanen Kalambaina suka tayar masa. Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin, a nan kuma Malam Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Wannan sulhu shi ya hana daular rabewa gida biyu, Sakkwato da Gwandu suka ci gaba da tafiya tare har zuwan Turawa a 1903. Ƙasashe irin su Nupe da Ilori sun kasance ƙarƙashin kulawar Gwandu.

Sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita wajen karantarwa da rubutu, ya bar yawancin harkokin mulki a hannun 'ya'yansa da ɗan ɗan'uwansa Buhari. Cikin littattafansa akwai tafsirin Liya'ut Ta'awili, da Kifayatu Lu'afa'is Sudan wanda ya taƙaita domin masu ƙaramin karatu, da Tazyinul Waraƙati mai ɗauke da tarihin jihadi, da Bahrul Muhiɗi a fannin nahawu. Har yau ana karanta su a zaurukan malamai.

Allah ya yi masa rasuwa a Gwandu wajajen 1829, kuma a can hubbarensa yake, cikin Jihar Kebbi ta yanzu. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sa'an nan Halilu. Tarihinsa abin nazari ne ga hakimai, dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi, domin mutum ne da ya faɗa wa 'yan'uwansa gaskiya a lokacin da mulki yake hannunsu, ya kuma haƙura da nasa ra'ayi da ya ga haɗin kan jama'a zai salwanta. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.