Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Alƙalami, Waƙa da Zane

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, da wuya a sami wanda ya ratsa ajin Hausa a cikinmu bai riƙe Magana Jari Ce ba. Da yawa daga cikinmu ma, tun ba mu iya haɗa baƙi ba, hoton aku da na fadar sarki muke fara buɗewa mu kalla. To, marubucin littafin nan mazaunin Tudun Wada ne a nan Zariya.

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sa'an nan ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuwa ya shiga da Ganɗoki.

Ganin hazaƙarsa ya sa East ya nemi a aro shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. Ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Wata Baturiya 'yar Beljiyam, wadda East ya aura daga baya, ita ta yi zane-zanen littafin. A zamanin da iyaye ke ƙyamar boko, hotunan nan sun yi aiki ba kaɗan ba, domin yaro ya ga rawani da doki da zaure irin na garinsu, sai ya ji littafin nasa ne.

A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa na farko, ya kuma riƙe ta fiye da shekara goma. Kafin wannan lokaci, rubutacciyar waƙa da ajami take yawo, almajirai na kwafa da hannu, makafi na rerawa a kasuwa. Jaridar ta buɗe wa mawaƙa fili a rubutun boko, waƙar da aka yi a gari ɗaya ta isa lardunan Arewa cikin ɗan lokaci. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai Zariya ta zama cibiyar ɗab'in Hausa, daga nan ne waƙoƙin su Mu'azu Haɗeja da Aliyu Namangi suka fito a littafi.

A 1943 Imam ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Allah ya yi masa rasuwa a 1981.

Abin da Imam da abokan aikinsa suka gane shi ne, ba a jawo mutum ga karatu da tilas. Sai an ba kunnensa abin ji, an ba idonsa abin gani. Mu da muka ci moriyar wannan hikima, bashi na kanmu. Duk mai tsohon kwafi a gida, ya kakkaɓe shi ya miƙa wa 'ya'yansa, ko ya kai ɗakin karatun makarantarmu.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.