Satyendra Nath Bose: Masanin Kimiyyar da Bai Yar da Harshensa Ba

Na zaɓi in kawo mana tarihin wannan bawan Allah ne saboda ya taɓo abin da ya shafe mu, mu ɗaliban harshe.

An haifi Bose a birnin Kalkata na ƙasar Indiya ranar 1 ga Janairu, 1894. Ya sami digiri na biyu a fannin lissafi a 1915, kuma shi ya zo na ɗaya. A 1921 ya koma Jami'ar Daka yana koyarwa.

A can ne, a 1924, ya rubuta wata gajeriyar maƙala a kan haske. Ya nuna cewa ƙwayoyin haske tamkar tsabar gero suke a mudu, ba a bambanta wannan da waccan, don haka dole a sauya yadda ake ƙirga su. Ya aika wa Albert Einstein maƙalar. Einstein ya fassara ta zuwa Jamusanci da kansa, aka buga. Daga nan Einstein ya yi hasashen cewa idan aka sanyaya wasu ƙwayoyin zarra matuƙar sanyi, za su taru a hali guda, su riƙa motsi tamkar abu ɗaya.

Sai a 1995 aka tabbatar da haka a Amurka, masana uku suka sami kyautar Nobel a kansa a 2001. A 2006 kuma, masu bincike a Faransa da Suwizalan suka kulle haske tsakanin wasu ƙananan madubai biyu, ya haɗu da ilaktiron na sinadarin da ke tsakiya, suka zama ƙwaya guda mai suna folaritan. Da yake ba ta da nauyi sosai, ba ta buƙatar tsananin sanyin da zarra ke buƙata kafin ta taru. Duk irin waɗannan ƙwayoyi ana kiran su bosan, daga sunan Bose. Shi kuwa bai taɓa samun Nobel ba har ya rasu ranar 4 ga Fabrairu, 1974.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a 1948 ya kafa ƙungiyar yaɗa kimiyya da harshen Bangali, tare da mujallarta. Ya yi imani cewa yaro ya fi gane ilimi da harshen da ya tashi da shi.

A nan Bauchi, Hausa ce ke haɗa Bajari da Basayi da Bafulatani a Kasuwar Wunti, ni ma da ita na koyi hulɗa bayan harshen gidanmu. Amma a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da makarantunmu na sakandare, da Turanci ake koyar da kimiyya. Ko a wannan ɗan rubutu, sai da na ari kalmomi uku. Masu kimiyya sun san abin, mu kuma mun san ƙirar kalma. In ba mu zauna tare da su ba, wa zai raɗa wa folaritan suna da Hausa?